TSAKUWAR ƘODA: YANZU ANA FITAR DA ITA BA TARE DA TSAGA CIKI BA

Zuwa ga hakimai da malamansu na ƙasar Illela da kewayenta.

Akwai wata cuta da ke yawaita a ƙasashe masu zafi irin namu, watau tsakuwar ƙoda. Idan mutum yana yawan gumi kuma ba ya shan ruwa isasshe, fitsarinsa yakan yi kauri, gishirin da ke cikinsa ya dunƙule har ya zama tsakuwa. A watannin bazara zafin wannan yanki yakan wuce digiri 40, saboda haka manoma, da makiyaya, da direbobi, da masu wuni a rana a kasuwar Illela su ne suka fi shiga haɗari.

Alamunta su ne ciwo mai tsanani a kwiɓi wanda ke gangarowa zuwa mara, da amai, da jini a fitsari. Mutane da yawa sukan ɓoye ciwon don tsoron wuƙar likita. A da suna da hujja, domin sai an yi doguwar tsaga a kwiɓi kafin a kai ga ƙoda. Amma yanzu al'amari ya sake.

Tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba, watau kamar ƙwayar dawa, galibi takan fita da kanta in an sha ruwa da magani. Wadda ta ƙi fita kuwa, akwai hanyoyi uku.

Ta farko, fasa ta daga waje. Ana kwantar da majiyyaci, a saita wata na'ura daidai inda tsakuwar take, ta riƙa aika bugun amo mai ƙarfi har tsakuwar ta farfashe kamar yashi, ta bi fitsari. An fara yi wa mutum wannan a birnin Munich na ƙasar Jamus a 1980. Ba a yi wa mace mai ciki.

Ta biyu, bin hanyar fitsari. Bayan an ba da maganin barci, likita yakan zura siririn bututu mai fitila da madubi ta mafitsara har ya iske tsakuwar, ya farfasa ta da hasken leza, sa'an nan ya kwashe gutsattsarin. Ba a yanka ko'ina.

Ta uku, don babbar tsakuwa ce, wadda ta wuce santimita 2, kamar ƙwallon dabino. Ana huda ƙaramar ƙofa a baya, faɗinta bai fi na farce ba, a shiga ƙodar a fasa tsakuwar a fitar. Likitoci biyu na ƙasar Suwidin, Fernström da Johansson, su suka bayyana wannan dabara a 1976. Majiyyaci yakan yi 'yan kwanaki kaɗan a gado.

Likita ne kaɗai ke zaɓen hanya bayan ya ga hoton ciki. Sai mai ciwo ya fara zuwa Babban Asibitin Illela; in abin ya fi ƙarfinsu, a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, inda likitocin ƙoda da mafitsara suke.

Ana roƙon hakimai su tara dagatai da masu unguwanni su gargaɗe su a kan abubuwa uku. Na ɗaya, wanda ciwon kwiɓi ya haɗu masa da zazzaɓi, ko fitsari ya ɗauke masa, a kai shi asibiti a ranar, kada a kwana, domin tsakuwar da ta toshe hanya tana iya kashe ƙoda, har ma da mai ita. Na biyu, sau da yawa likita yakan bar ɗan bututun roba a ciki bayan aiki. Tilas ne a koma a cire shi ranar da aka ɗiba, ko da mutum ya ji garau, ko ya ƙetara Ƙonni fatauci. In an manta da shi, sabuwar tsakuwa za ta taru a jikinsa. Malamai su taimaki wanda bai iya karatu ba, su karanta masa ranar da ke kan katinsa. Na uku, cutar takan dawo, don haka a sha ruwa da yawa har fitsari ya yi fari, a kuma rage gishiri a abinci.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.