Furen gyaɗa a sama, 'ya'ya a ƙasa: kwanakin da ke yanke wa manoman Yauri hukunci

A gonakin ƙaramar hukumar Yauri da ke yankin Matamaye a jihar Damagaram, gyaɗa kan fara fure kimanin mako huɗu bayan shuka. Ɗan furen mai ruwan ɗorawa yana buɗewa da sassafe, kafin yamma ya yanƙwane. Mai wucewa sai ya ɗauka ya lalace ne, alhali a lokacin aikin ya fara.

Kowane fure na ɗauke da sashen namiji mai fitar da gari, da sashen mace guda ɗaya tilo. Sashen macen yana da kai mai karɓar garin, da siririn wuya, sai mahaifa a can gindi inda ƙwayoyin da za su zama gyaɗa suke. Furen kan yi wa kansa barbara, ba ya jiran ƙudan zuma kamar na kabewa.

Bayan kamar mako guda, gindin mahaifar yakan miƙe ya zama tsinke, ya sunkuya ƙasa ɗauke da ƙwayoyin a bakinsa. Sai ya huda ƙasa, ya samu duhu da laima, sannan ya kwanta ya fara kumbura ya zama kwanso. Wanda bai kai ƙasa ba, ko ya tarar ta bushe ta yi tauri, bushewa yake yi.

Nan ne manomi ke cin riba ko faɗuwa. Maimai da aka makara da shi na tsinke waɗannan tsinkaye, kuma idan ruwa ya ɗauke a wannan tsakani, gona na iya yin kore shar, a tuge a tarar da harawa kawai. Ko da tsinken ya shiga, kwanson da kansa yake tsotsar sinadarin kalsiyam daga ƙasar da ke kewaye da shi. Idan ya yi ƙaranci, sai a fasa a ga wayam.

Yankin ya san darajar wannan amfani. Gyaɗa ce kan gaba a kayan da Nijar ke fitarwa waje lokacin da aka kafa kamfanin SONARA a 1962, kafin fari da cutar da ta naƙasa gonaki a 1975 su karya kasuwar. Har yanzu dai matan da ke matsar mai da suyar ƙuli-ƙuli a ƙauyukan Yauri da wannan ɗan tsinke suka dogara.