Tesla Model 3 Performance: Abin da jita-jita ta faɗa da abin da ya fito a ƙarshe

Duk mai bibiyar labaran wayoyi ya san yadda ake yi. Tun kafin Samsung ko Apple su fito da sabuwar waya, hotunanta sun gama yawo a X da YouTube, wani ya ce kyamara huɗu ce, wani ya rantse biyar ce, wani kuma ya zauna da kwamfutarsa ya zana yadda yake so ta kasance ya saka a intanet, mutane su ɗauka ta gaske ce. To yanzu haka ake yi wa motocin lantarki, kuma babu misalin da ya kai na Tesla Model 3 Performance, wadda aka shafe kusan wata takwas ana cacar baki a kanta kafin ta fito a watan Afrilun 2024. Tunda ta riga ta fito, yanzu ana iya ɗora hasashen a kan sikeli a ga wanne ya yi nauyi.

Tesla ta fara miƙa wa masu saye Model 3 a 2017, sannan a 2018 ta ƙaro samfurin Performance, wato wanda ya fi sauran gudu. A farkon Satumban 2023 aka yi wa motar kwaskwarima babba, wadda ake kira Highland: an siranta fitilun gaba, an rage ƙarar da ke shigowa ciki, an saka ƙaramin sikirin mai inci 8 domin waɗanda ke kujerar baya, an kuma cire sandunan sigina da na giya da ke jikin sitiyari. Sai dai da aka duba jerin samfuran da za a iya oda, babu Performance a ciki. Kamfanin bai yi wani dogon bayani ba. Daga nan kowa ya ɗauko alƙalaminsa.

Daga ina jita-jitar ke fitowa?

Ba duk jita-jita ce darajarta ɗaya ba. Akwai hotunan motocin gwaji da aka riƙa gani a titunan California, an lulluɓe musu gaba da baya da baƙin ƙyalle. Waɗannan sun nuna cewa za a taɓa bamba, amma ba su faɗi komai a kan abin da ke cikin motar ba. Akwai kuma kundin kayan gyara na Tesla, inda masu bin diddigi suka tsinci wani sabon tambari mai kama da na Model S Plaid. Sai takardun neman izinin sayarwa da kamfani ke miƙa wa hukumomi, kamar waɗanda suka fito daga Koriya ta Kudu suna nuna an canza injin baya. A farkon 2024 kuma aka ɗauki bidiyon motar a fili ba lulluɓi a birnin Valencia na ƙasar Sifaniya.

Wanda ya fi ba da dariya shi ne na ƙarshe. Kwanaki kaɗan kafin ƙaddamarwa, an gano bayanin motar kwance a cikin kod ɗin shafin Tesla na intanet. Duk wanda ya taɓa gina shafi ya san yadda hakan ke faruwa: ana loda rubutun tun da wuri a ɓoye shi daga idon mai ziyara, a bari sai ranar da za a kunna. Amma abin da burauza ta sauke ta riga ta sauke, mai son gani kawai zai buɗe kayan aikin masu gina shafi ya karanta abinsa.

Idan aka jera su, takardun hukuma da kod ɗin shafi su ne suka fi yin daidai, domin kamfanin ne da kansa ya rubuta su. Zane-zanen masu sha'awa kuwa sun fi nuna abin da mai zanen ke buri.

Suna da inji uku: inda hasashe ya sha ƙasa

Babban abin da aka yi ta yayatawa shi ne za a canza wa motar suna zuwa Ludicrous. Kalmar ta samo asali ne daga wani fim ɗin barkwanci na Amurka mai suna Spaceballs na 1987, inda Tesla ta aro sunayen Ludicrous da Plaid duka biyun. Wasu ma sun wuce nan, suka ce za a saka mata inji uku kamar Model S Plaid ta 2021 mai ƙarfin doki 1,020.

Ranar 23 ga Afrilun 2024 motar ta fito, sunanta na nan Performance, injinta biyu ne, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Tambarin dai an maƙala shi a but. Kuma da ma batun inji uku bai kamata ya yi nisa ba: wane kamfani ne zai saka ƙarfin motarsa mafi tsada a cikin wadda aka fara sayarwa a kan dala 52,990, ya kashe wa kansa kasuwa? Masu yin waya ma ba sa saka babban furosesa a wayar tsakiya.

Abin da aka samu shi ne ƙarfin doki 510 a samfurin Amurka, tana kai gudun mil 60 cikin sakan 2.9, maimakon 3.1 na tsohuwar. Ƙololuwar gudunta kilomita 262 a awa. A waje an canza bamba, an buɗe mata ƙofofin iska, an sa ɗan fiffike a bakin but, tayoyin baya sun fi na gaba faɗi a kan wili mai inci 20. A ciki an saka kujeru masu riƙe jikin direba idan ya shiga kwana da gudu. A taƙaice, wanda ya yi tsammanin ganin wata dabba ta daban bai gan ta ba. Model 3 ce da aka ɗaure wa ɗamara.

Wannan 2.9 ɗin ma yana buƙatar bayani. Mil 60 bai kai kilomita 100 ba, kusan 97 ne. Sannan a tsarin awon da Tesla ke bi wa samfuranta masu gudu, ba a fara ƙirga lokaci sai motar ta riga ta gangara ƙafa ɗaya, wato wajen santimita 30. Wannan kaɗai yana zaftare wani abu daga lissafin. Saboda haka idan ka ga an jera lambar Tesla kusa da ta wani kamfani, ka fara tambayar ko da ma'auni ɗaya aka auna su.

Zafi, abin da masu hasashe suka tsallake

A nan ne ainihin labarin yake, kuma mai waya zai fi kowa saurin gane shi. Ka ɗauki wayarka ka buɗe gem mai nauyi da tsakar rana a watan Afrilu. Minti biyar na farko komai na tafiya sumul. Can sai bayan wayar ya ɗau zafi, hoto ya fara sarƙewa, hasken sikirin ya ragu da kansa. Furosesa bai lalace ba, manhaja ce ta rage masa gudu don kada ya ƙone.

Motar lantarki ma haka take. Batir yana ba da wuta, inbata irin ta sola amma mai ƙarfin gaske tana juya ta zuwa nau'in da inji ke buƙata, inji kuma ya juya taya. A kowane mataki wani kaso na wutar yana zama zafi. Kuma zafin da ke tashi a cikin waya ba daidai yake tafiya da yawan wutar ba: idan wutar da ke gudana ta ninka biyu, zafin sai ya ninka huɗu. Ga maganaɗisun da ke cikin injin, wanda idan ya yi zafi fiye da kima yana iya rasa ƙarfinsa har abada. Ga batir, wanda zafi ke tsufar da shi. Don haka manhajar motar tana zaune tana kallon na'urorin auna zafi, da zarar an kusa iyaka sai ta rage ƙarfi, ko da direba ya danne totur har ƙasa.

Shi ya sa injiniyoyi ke raba ƙarfi gida biyu: wanda inji zai iya bayarwa na ɗan lokaci, da wanda zai iya riƙewa ba tare da ya gaji ba. Tesla ta ce sabon injin baya ya ƙara kashi 32 cikin ɗari a na farko, da kashi 22 a na biyu. Kanun labarai sun fi ɗaukar na farkon, domin shi ke ba da 2.9. Amma ga wanda zai zagaya filin tsere sau biyar a jere, na biyun ne ke yanke hukunci. Tashi daga tsaye na sakan uku kusan kowace motar lantarki mai inji biyu za ta burge a nan. Maimaita shi sau goma ba tare da motar ta yi sanyin jiki ba, wannan ne aikin.

Batir ma yana da tasa iyakar, kuma motar nan ta nuna hakan ƙarara. Samfurin da aka fara ƙerawa a Shanghai a 2024 domin Turai da Asiya ƙarfin doki 460 gare shi, ba 510 ba, yana kai kilomita 100 cikin sakan 3.1. Suna ɗaya, siffa ɗaya, amma ƙwayoyin batirin da ke ciki sun bambanta: na Amurka daga Panasonic, na Shanghai daga LG. Inji ba zai ba da abin da batir bai tura masa ba. Masu amfani da Samsung za su tuna shekarun da Galaxy S ke zuwa da Snapdragon a wata ƙasa, Exynos a wata, farashi kusan ɗaya, aiki ba ɗaya ba.

Sai nauyi. Motar ta haura kilo 1,800, kuma idan gudu ya ninka biyu, aikin da birki zai yi kafin ya tsayar da ita yana ninka huɗu. A cikin gari inji ne ke yin mafi yawan aikin rage gudu, yana mayar da wutar cikin batir. A filin tsere kuwa hakan ba ya isa, dole birkin ƙarfe ya sha wuya.

Canjin da ya fi kowane muhimmanci, wanda kuma ba ya fitowa a hoto, shi ne shokozoba mai daidaita kanta. Wannan ne karon farko da Model 3 ta samu irinta. Kwamfutar motar tana lura da sitiyari da birki da motsin jikin mota, tana taurara ta ko ta sassauta ta nan take. An daɗe ana kukan cewa tsohuwar Performance tana jijjiga mutum a hanya mara kyau. Babu mai zanen hasashe da zai iya zana maganin wannan, shi ya sa ba a cika maganarsa ba sai da aka hau motar.

Duk wannan ba kyauta ba ne. A ma'aunin Turai, lokacin da ta fito a 2024, caji ɗaya yana kai Performance kilomita 528, alhali 'yar uwarta Long Range mai inji biyu tana haura 600. Faffaɗar taya mai kama kwalta tana cin wuta.

Kasuwar da ta tarar

A 2018 Model 3 Performance kusan ita kaɗai ce a filinta. A 2024 ba haka ba ne. Hyundai ta riga ta nuna Ioniq 5 N tun Yulin 2023, motar da ta ba tsarin sanyaya batir muhimmanci sosai, har da manhajar da ke kwaikwayon canjin giya da ƙarar injin fetur. Wasu na ganin wannan wasan yara ne, amma yawancin waɗanda suka gwada ta sun yaba. Xiaomi kuma, wadda dai ke yin Redmi, ta fito da motarta ta farko SU7 a watan Maris na 2024. Babban samfurinta SU7 Ultra ya zagaya filin Nürburgring na Jamus, mai tsawon kusan kilomita 21, cikin minti 7 da kusan sakan 5 a 2025, ya ɗan wuce lokacin Porsche Taycan Turbo GT. Ba ajinsu ɗaya da Model 3 ba ta fuskar kuɗi, amma abin lura shi ne kamfanoni sun koma alfahari da lokacin zagaya wannan fili, saboda minti bakwai ana danne mota ba ya ɓoye matsalar zafi.

Akwai kuma fatan da bai cika ba a lokacin. Da yawa sun so a dawo da sandar sigina aƙalla a samfurin Performance, domin laluben maɓalli a kan sitiyarin da ke juye a tsakiyar shataletale ba ƙaramin ciwon kai ba ne. Ba a dawo da ita ba a 2024. Sai da aka sabunta Model Y a farkon 2025 aka gan ta da sandarta, daga baya a shekarar kuma aka fara mayar wa Model 3 da tata a China. Hukumar Euro NCAP mai gwada lafiyar motoci a Turai ita ma ta sanar cewa daga 2026, motar da ke neman cikakken maki sai ta tanadi maɓallai ko sanduna na zahiri domin abubuwa irin su sigina da hon da waifa.