Me Ya Sa Banɗaki Ke Wari Ko An Wanke Shi?

Ka wanke banɗaki tas, ka zuba Izal, amma wari na nan daram? Sau da yawa ba ƙazanta ba ce, iska ce ke dawowa daga sokawe.

Leƙa cikin masan zama, za ka ga ɗan ruwa kwance a ƙasa. Bututun wajen a lanƙwashe yake, ruwan da ya maƙale a lanƙwasar shi ke tare iskar rami, har da mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wato haidurojin salfaid. Wani maƙerin agogo, Alexander Cumming, shi ya yi wa dabarar rajista a Ingila a 1775.

A cikin birnin Kano, irin su Yakasai da Ƙofar Mata, ruwan famfo ba kullum ba. In banɗaki ya yi makonni ba a kora ba, musamman da hunturu, ruwan nan sai ya ƙafe, hanya ta buɗe. Bokiti guda ya wadatar.

In kuwa kana jin ɓul-ɓul bayan kora, mai yiwuwa bututun fitar da iska ne ya toshe. A share shi, kuma bakinsa ya zarce rufin soro, don lungunanmu matsattsu ne.

Amma kada kowa ya shiga ramin dubawa. Iskar nan in ta yi yawa, hanci kan daina jin ta, kuma tana kisa.