ƘWALLON KWANDO A ZAMANIN ANNOBA: DON ME WASU SUKA KOMA FILI MU MUKA ZAUNA?

Daga Wakilinmu na Arewa, Keffi

Duk wanda ya zauna a unguwar Gangaren Tudu cikin garin Keffi a shekarar 2020 ba zai manta da irin shirun da ya sauka wa gari ba. An rufe makarantu, ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa sun watse, hanyar Abuja da ba ta rabuwa da motoci ta yi tsit. Samarin da suka saba haɗuwa da la'asar suna jefa ƙwallo a kwando suka koma zaman teburin mai shayi. A nan ne na riƙa jin wata tambaya tana yawo a bakinsu, watau yaya aka yi 'yan ƙwallon kwando na Amurka suka koma wasa alhali cutar korona ta fi yi musu ɓarna, mu kuwa namu suna zaune a gida? Tambayar tana da ma'ana, don haka na ga ya kamata mu dube ta tare da masu karatu.

YADDA AMURKA TA YI

Ranar 11 ga watan Maris, 2020, aka sami cutar a jikin wani ɗan wasan kulob ɗin Utah Jazz, Bafaranshe mai suna Rudy Gobert. A daren nan hukumar NBA, wadda ke shirya babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ta tsayar da wasanni duka. Ba abin mamaki ba ne, gama wasan kwando a cikin rufaffen zaure ake yinsa, mutum goma suna gogayya ƙirji da ƙirji, numfashin wannan a fuskar wancan. Ba ya yiwuwa a ce wa mai tsaron kwando ya ba abokin karawarsa tazara.

Bayan wata huɗu da 'yan kwanaki, ranar 30 ga Yuli, aka koma wasa. Dabarar da suka yi ita ce suka kwashi kulob 22 daga cikin 30 suka killace su a wurin shaƙatawa na Disney kusa da birnin Orlando, a Jihar Florida. A nan za su kwana, a nan za su ci, a nan za su yi wasa, ba 'yan kallo. Kowace rana sai an auna kowa. Dokar kuwa ba sani ba sabo. Wani ɗan wasa mai suna Richaun Holmes ya ƙetare iyakar sansanin don ya karɓi abincin da ya aika a kawo masa, aka tsare shi a ɗaki kwana 10. Wani kuma, Avery Bradley na Los Angeles Lakers, ya ƙi zuwa ɗungurungum saboda ɗansa yana da larurar numfashi.

Zaman bai zo da sauƙi ba. Magidanta suka yi makonni ba su ga iyalinsu ba, kana ranar 26 ga Agusta 'yan Milwaukee Bucks, kulob ɗin Giannis Antetokounmpo wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, suka ƙi fitowa wasa don nuna fushi kan harbin wani baƙar fata da ɗan sanda ya yi a garin Kenosha. Saura kaɗan gasar ta wargaje. Duk da haka aka kai ƙarshe ranar 11 ga Oktoba, Lakers suka ci Miami Heat suka ɗauki kofi, kuma ba a sami ɗan wasa ko ɗaya da ya kamu a cikin sansanin ba. Kuɗin da aka kashe ya haura dala miliyan 150. Sun kashe ne don sun san abin da za su yi asara a wajen gidajen talabijin ya ninka wannan sau da yawa.

AFIRKA TA JIRA WATA 14

To, bari mu matso gida. A wannan watan na Maris, 2020, aka shirya buɗe sabuwar gasar kulob-kulob ta Afirka da ake kira BAL, wadda NBA da hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, suka haɗa hannu suka kafa. An shirya a fara a Dakar, a zaga manyan birane har da Ikko, a ƙare a Kigali. Annoba ta rushe wannan shiri. Ƙasashe sun rufe iyakokinsu, jiragen sama sun daina tashi, kuma kowace ƙasa da tata dokar tsare baƙo.

Sai ranar 16 ga Mayu, 2021, aka samu aka buɗe, bayan wata 14. Aka kwaikwayi dabarar Orlando, aka tara kulob 12 a birni ɗaya, watau Kigali ta ƙasar Ruwanda, aka gama komai cikin mako biyu. Rivers Hoopers ta Fatakwal ce ta wakilci Nijeriya. A wasan farko Patriots ta Ruwanda ta lallasa ta da ci 83 da 60, kuma ba ta tsallake zagayen farko ba. Ranar 30 ga Mayu Zamalek ta Masar ta ci Monastir ta Tunisiya 76 da 63 ta tafi da kofi.

Kada mai karatu ya yi saurin zargin yaranmu. Masar da Tunisiya sun riga sun komo da gasarsu ta cikin gida kafin zuwa Kigali, 'yan wasansu jini ya tsinke. Namu kuwa rabonsu da gasar gida tun ƙarshen 2019. Ba a fafe gora ranar tafiya.

CUTA TA TARAR DA GIDA A RABE

Gaskiya ne annoba ta taɓa wasanni a ƙasar nan. An sami cutar a Ikko ranar 27 ga Fabrairu, 2020, aka kulle Ikko da Ogun da Abuja daga 30 ga Maris, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Bikin Wasanni na Ƙasa da aka shirya yi a Jihar Edo sai a watan Afrilu na 2021 aka yi shi. A Kano, filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, gidan Kano Pillars, can aka kafa wurin jinyar masu cutar.

Amma fa 'yan ƙwallon ƙafa sun koma gasarsu a ƙarshen Disamba, 2020, ko da yake ba 'yan kallo. Don me na kwando ba su bi sawu ba? Amsa ita ce cutar ta tarar da gidan a rabe. Tun a watan Yuni na 2017 aka yi zaɓe biyu na shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, NBBF, ɗaya a Kano ya ba Tijjani Umar, ɗaya a Abuja ya ba Musa Kida. Daga nan gasar gida ta shiga halin ni-'yasu, har magana ta kai kotu. Kamfanin da zai zuba kuɗi bai san hannun da zai damƙa wa ba. Kano Pillars, wadda ta sha ɗaukar kofin ƙasa, har ta zo ta uku a gasar zakarun Afirka a birnin Alƙahira a 2016, ta koma ba a jin ɗuriyarta yadda aka saba.

Abin da Orlando da Kigali suka nuna shi ne komawa wasa a lokacin annoba yana bukatar abu uku: hukuma ɗaya da kowa ke jin maganarta, kuɗin awo da masauki da abinci, da kuma yardar 'yan wasa cewa an kula da lafiyarsu da albashinsu. Yawancin kulob-kulob ɗinmu na gwamnatocin jihohi ne ko na hukumomi, ba su da kuɗin talabijin, na ƙofa ma bai taka kara ya karya ba. Ran da baitulmali ya juya wajen asibiti, ɗan wasa ne farkon wanda ake mantawa.

Rigimar ba ta tsaya nan ba. A ƙarshen Janairu, 2022, aka sake zaɓe biyu, ɗaya a Benin ɗaya a Abuja. A watan Mayu Gwamnatin Tarayya ta ce ta janye Nijeriya daga wasannin ƙasa da ƙasa har shekara biyu. Ta janye maganar a watan Yuni, amma aikin gama ya gama, an ba Mali gurbin 'yan matanmu, D'Tigress, a gasar cin kofin duniya. Wannan ba korona ce ta yi mana ba.

ABIN LURA

Ba gwanaye muka rasa ba. A watan Yuli na 2021 D'Tigers suka ci Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunci a Las Vegas, sai dai kusan dukkansu a ƙasashen waje suke wasa. A 2024 kuma Rivers Hoopers ta koma BAL ta zo ta uku, bayan gasar gida ta ɗan farfaɗo. Watau idan aka ba yaro fili da gasa a kai a kai, zai fitar da mu kunya.

Shekarar ɗan wasa gajera ce. Yaron da yake da shekara 19 a 2020, wanda ya kamata a gan shi a Kano ko Kaduna ko Jos a ɗauke shi, shekara biyu na zaman banza sun isa su mai da shi ɗan acaba. Da idona na ga irinsu a nan Keffi. Muna kira ga shugabannin wannan wasa da gwamnatocin jihohin Arewa su haɗa kai su ajiye asusun ko-ta-kwana da tsarin da za a bi tun kafin wata fitina ta zo. Allah Ya kiyaye mu da sake ganin annoba, amin.