Abokan Fagen Daga: Yadda Ake Ƙera Wani Reshen Littattafan Soyayya a Amurka

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin soyayya, na kasuwar Kano ne ko na Turawa, ya san labarin ba ya tafiya sai an gindaya wa masoya shinge. A namu littattafan, shingen shi ne auren dole, ko kishiya, ko attajirin uban da ya rantse talaka ba zai auri 'yarsa ba. Da za a cire shingen, da labari ya ƙare tun a shafi na goma. To a Amurka da Birtaniya akwai wani reshe na wannan adabi da masoyan cikinsa duk maza ne, galibi sojoji ko waɗanda suka ajiye kaki, abokai da suka faro da amana suka ɓuge da soyayya. A ƙasar Hausa addini da al'ada sun haramta wannan alaƙa, dokar Najeriya ta 2014 kuma ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi. Sai dai littattafan suna nan birjik a Amazon da Wattpad, inda matasa masu karatun Turanci ke cin karo da su. Don haka yana da kyau a san inda suka samo asali da yadda ake ƙera su.

A kasuwar littattafan Amurka, sharuɗɗa biyu ne ke sa a kira littafi na soyayya. Na farko, soyayyar ce ginshiƙin labari. Na biyu, dole a ƙare da farin ciki, masoya suna tare. Wanda ya kashe ɗaya daga cikinsu a babin ƙarshe ya fita daga layi, masu saye kuma ba za su yafe masa ba. Shi ya sa ba a lissafa Brokeback Mountain na Annie Proulx, wanda ya fito a 1997 aka kuma yi fim ɗinsa a 2005, a wannan rukuni, duk da shaharar da ya yi, saboda da mutuwa ya ƙare. Tun da mai karatu ya riga ya san ƙarshen, gwanintar marubuci tana ga tsawon shingen da kuma yadda za a tsallake shi.

A nan soja ya yi wa marubuta rana, domin shekara da shekaru doka ce da kanta ta gina masa shinge. A Ingila, alaƙa tsakanin maza laifi ce har zuwa 1967, a cikin soja kuwa ba a ɗage haramcin ba sai a Janairun 2000, bayan hukuncin Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai. A Amurka, gwamnatin Bill Clinton ta kawo wani tsari a 1993 da ake wa laƙabi da "kar a tambaye ka, kar ka faɗa": hukuma ba za ta titsiye soja da tambaya ba, amma ranar da ya furta ko asirinsa ya tonu, a bakin aikinsa. An sallami sojoji fiye da 13,000 a ƙarƙashin tsarin kafin ya kau ranar 20 ga Satumba, 2011, zamanin Barack Obama. Marubuci ba ya buƙatar ƙirƙiro mugu, tun da ga mutum biyu a bariki ɗaya, kalma ɗaya tak za ta iya raba su da aiki da duk wata moriyar da ke cikinsa.

Tun kafin kasuwar ta kafu, an sami waɗanda suka share hanya. Mary Renault, wadda ta yi aikin jinya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta fitar da The Charioteer a Ingila a 1953. Labarin wani matashin soja ne, Laurie, da ya ji rauni a gwiwa a Dunkirk, yana kwance a asibiti zuciyarsa ta rabu biyu tsakanin wani ma'aikacin asibitin da ya ƙi ɗaukar makami saboda aƙidarsa, da wani hafsan sojan ruwa da ya sani tun suna makaranta. Sai a 1959 aka buga shi a Amurka. Kusan duk kayan aikin da ake amfani da su yau suna cikinsa: rauni, gadon asibiti, tsohon aboki, da maganar da aka kasa furtawa.

Bayan 2011 sai marubutan suka shiga wani hali. Doka ta buɗe ƙofa, a 2015 ma Kotun Ƙolin Amurka ta halasta auren jinsi a duk faɗin ƙasar. Shingen waje ya faɗi, ina za a samo wani? Sai suka koma cikin mutumin. A daidai lokacin dubban sojoji suna dawowa daga Iraƙi da Afganistan, wasu babu ƙafa, wasu da ciwon firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, wanda likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar cikin kundinsu a 1980 bayan yaƙin Biyetnam. Tsohon soja ya zama gwarzon da ya fi dacewa. Babu kwamandan da zai kore shi, amma shi da kansa yana ganin ya zama kaya, bai cancanci kowa ya so shi ba.

Ga yadda irin wannan littafi yakan tafi. Gwarzon ya dawo wani ƙaramin gari da ƙafar roba da jaka ɗaya. Ba ya barci. Idan ya shiga gidan abinci sai ya zaɓi kujerar da bayanta ke jingine da bango, idonsa na kan ƙofa. Daren 4 ga Yuli, da Amurkawa ke wasan wuta na bikin 'yancin kai, shi yana ƙudundune a banɗaki ya toshe kunnuwa. Abokinsa, wanda suka yi aiki a runduna ɗaya ko suka tashi unguwa ɗaya, ya ce masa ga ɗaki nan babu kowa, ya zauna kafin ya samu nasa. Wannan dabara ce da aka sani: a haɗa su ƙarƙashin rufi ɗaya yadda babu wurin gudu. Abokin ne ke kai shi asibitin tsofaffin sojoji, shi ke zama a bakin ƙofa idan mugun mafarki ya tashe shi cikin dare, ba ya tambayar komai.

Me ya sa sai aboki? Saboda baƙo ba shi da abin da zai rasa. Idan baƙi biyu suka haɗu abin bai yiwu ba, kowa ya kama gabansa. Amma wanda ya ɗauko ka a kafaɗa daga inda bam ya tashi, shi kaɗai ya san abin da ka gani, idan ka furta masa ya juya baya ka yi biyu babu. Wannan tsoron ne ke jan labari shafi ɗari biyu. Marubutan kan raba babi-babi tsakanin su biyun, wannan ya ba da nasa, wancan ya ba da nasa, har mai karatu ya san kowannensu yana ɓoye abu ɗaya, su kuwa ba su sani ba. Wajen kashi uku cikin huɗu na littafin sai a kawo ɓaraka, yawanci gwarzon ya tattara kayansa ya tafi don yana ganin yana cutar da abokin. Daga nan sai dawowa, da ban haƙuri, da ɗan babin rufewa da ke nuna su bayan shekara ɗaya ko biyu.

Kasuwar kuma ta taimaka. Kafin intanet, manyan kamfanonin ɗab'i suna ɗari-ɗari da irin waɗannan labarai. Suzanne Brockmann, wadda ta yi suna da jerin littattafanta kan zaratan sojojin ruwan Amurka, ta ɗauki shekaru tana gina wani jami'in FBI mai suna Jules Cassidy a gefen labari, kafin ta ba shi nasa littafin, All Through the Night, a 2007. A shekarar ce Amazon ya fito da na'urar karatu ta Kindle. Daga nan marubuci na iya sayar da littafinsa ba tare da kamfani ba, mai karatu kuma ya saya babu mai ganin bangon. Kamfanin Harlequin, babba a harkar littattafan soyayya, ya buɗe reshen Carina Press na littattafan intanet, wanda ya buga jerin Out of Uniform na Annabeth Albert. Runduna ta dace da jerin littattafai: mutum shida ko takwas ne a tawaga, kowa da littafinsa, wanda ya fito a gefe yau shi ne gwarzon gobe.

Abin da kan ba mutane mamaki shi ne, akasarin masu rubuta waɗannan littattafai da masu karanta su mata ne. Tushen hakan ya koma shekarun 1970, lokacin da mata masu kallon shirin Star Trek suka riƙa rubuta labaran da ke mayar da abotar Kirk da Spock soyayya, suna rarrabawa a tsakaninsu. Wasu masu nazari na cewa abin da ke jan su shi ne ganin namijin da aka horar kan haɗiye damuwa ya buɗe baki, da kuma alaƙar da babu mai fifiko a cikinta saboda jinsi.

Suka ma ba ta yi kaɗan ba, daga cikin gida. Wasu mazan da labarin ya shafa na cewa ana rubuta su ne yadda mata ke son gani, ba yadda suke ba. Masu kula da tsofaffin sojoji na ƙorafin cewa littattafai da yawa suna nuna kamar soyayya na warkar da ciwon firgici, alhali magani da ganin likita na tsawon lokaci yake buƙata. Akwai kuma giɓi mafi girma: yaƙin da kansa. Iraƙi da Afganistan kan fito ne a matsayin ƙura da ƙarar bam a cikin mafarkin gwarzo. Mutanen Bagadaza da Kandahar da aka yi yaƙin a ƙofar gidajensu ba kasafai ake jin sunan ko ɗaya ba, ba a kuma cika tambayar dalilin zuwa can ba. Littattafan da suka fi zurfi, irin In Memoriam na Alice Winn da ya fito a 2023 kan abokan makaranta biyu a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sun fi tsayawa kan ɓarnar yaƙi, shi ya sa ma ake ajiye su a rukunin adabin tarihi.

Wanda ya ci karo da irin wannan littafi, ya karanta shi da sanin cewa haja ce ta wata kasuwa, da dokokin wata ƙasa da yaƙe-yaƙenta suka haifa. Yana faɗin abubuwa da dama game da yadda Amurka ke kallon sojanta da ya dawo gida, amma kusan ba ya cewa komai game da ƙasashen da sojan ya baro.