Ranar da aka yi gwanjon sarautar Rum

Da yammacin ranar 28 ga watan Maris na shekarar 193 Miladiyya, wasu dattawa biyu na birnin Rum suka tsaya cinikin sarauta, ɗaya a cikin barikin dogaran sarki, ɗaya a waje bakin ƙofa, ganuwa ta raba su. Abin da ake tayawa daula ce da ta taso daga Birtaniya ta dangana da kogin Furat, ta haɗa da Masar da Sham da duk gaɓar arewacin Afirka. Masu sayarwa kuwa sojoji ne da suka kashe mai sarautar a ranar, kansa ma yana soke a tsinin mashi.

Tushen maganar wata uku ne kafin nan. Sarki Komodus, ɗan Markus Oreliyus, ya shekara 12 yana mulki, har ya kai ga sauya wa birnin Rum suna da nasa, yana kuma shiga fage da kansa yana wasan takobi irin na bayi. Da na kusa da shi suka ga rayukansu ba su tsira ba, sai suka riga shi. A daren 31 ga Disamba na 192 ƙwarƙwararsa Marsiya ta ba shi guba, ya amayar da ita, aka turo wani ɗan kokawa mai suna Narsisus ya shaƙe shi a wurin wanka. A cikin daren Letus, shugaban dogarai, ya ɗauko wani tsoho mai shekara 66, Fartinaks, ya kai shi bariki don a yi masa mubaya'a.

Fartinaks ɗan 'yantaccen bawa ne. Da koyar da nahawu ya fara neman abinci, da ya ga ba ta fisshe shi sai ya shiga soja, ya yi ta hawa har ya riƙe larduna, ya zama kantoman birnin Rum. Ya yi wa kowane dogari alkawarin tukuicin sestas 12,000, sestas kuwa shi ne kuɗin da Rumawa ke lissafi da shi. Da ya buɗe baitulmali sai ya tarar da kusan sestas miliyan 1 kacal. Sai ya fito da kayan Komodus, dawakai da makamai da tufafi da kayan ɗaki da bayi, ya sa a kasuwa don ya cika alkawari. Ya ƙi yarda a naɗa matarsa sarauniya, ya ƙi a naɗa ɗansa yarima, ya hana dogarai cin zalin mutanen gari kamar yadda suka saba a zamanin Komodus. Mutum ne mai gaskiya, amma mai gaggawa. Ɓarnar shekara 12 yake so ya gyara a wata uku, waɗanda gyaran zai fi taɓawa kuma su ne ke riƙe da takubba a ƙofar ɗakinsa.

Ya kuma yi wani kuskure na baki. Wata rana a majalisar dattawa ya ce abin da ya ba sojoji ya kai wanda Markus Oreliyus ya ba su. Sojojin da ke wurin sun san ba haka ba ne, domin Markus 20,000 ya bayar. Ya yi wannan maganar ne bayan an gano wata maƙarƙashiya ta ɗora wani sanata mai suna Falko a kan gado. Fartinaks ya yafe wa Falko, amma Letus, wanda zuciyarsa ta riga ta juya, ya sa aka kashe sojoji da dama yana cewa umurnin sarki ne. Sauran suka ga idan suka yi sake, layi zai zo kansu.

Ranar 28 ga Maris wasu dogarai kimanin 200 suka zare takubba suka nufi fada, masu tsaron ƙofa kuma ba wanda ya tare su. Matar sarki ce ta ruga ta faɗa masa. Yana da hanyar tsira fiye da ɗaya: ga 'yan sintirin dare da mahaya a kusa da zai iya sa su murƙushe masu boren, zai iya sa a kulle ƙofofi, zai iya sulalewa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya fito ya tsaya a gabansu ya yi musu magana, har kunya ta kama su, suka sunkuyar da kai, wasu suka mai da takubba kube. Mutum guda ne ya yi tsalle ya sare shi, daga nan sauran suka rufa masa. Hadiminsa Eklektus kaɗai ya tsaya masa, ya raunata wasu kafin a kashe shi. Mulkin Fartinaks bai cika wata uku ba.

To, a lokacin da ake wannan ta'asa, surukin sarki, wato mahaifin matarsa, Sulfisiyanus, yana cikin bariki. Fartinaks ne ya aike shi ya kwantar da hankalin sojoji. Da labari ya zo cewa mijin 'yarsa ya mutu, bai fita ba. Zama ya gyara ya fara neman a ba shi gadon.

A wani gida a cikin gari kuma wani attajirin sanata, Didiyus Juliyanus, yana cin abinci ya ji abin da ake ciki. Wani marubucin zamanin, Herodiyan, ya ce matarsa da 'yarsa ne suka zuga shi. Sau da yawa akan ba da labarinsa kamar wani wawan mai kuɗi ne da ya faɗo daga sama, wannan kuwa rashin adalci ne. A gidan mahaifiyar Markus Oreliyus ya tashi. Ya jagoranci runduna a bakin kogin Rayin, ya kori ƙabilun Jamusawa da suka kawo hari lardin Baljika, ya riƙe larduna da dama har da na Afirka, ya kuma taɓa riƙe muƙamin konsul tare da Fartinaks ɗin. Wannan gogewar tasa ce ta sa abin da ya yi ya fi ciwo, don ya san abin da sarauta take nufi.

Ya iso bariki ya tarar da ƙofa a rufe, sai ya tsaya a waje yana ɗaga murya. Nan ciniki ya kankama. Sojoji suna kai da komo kamar dillalai a kara: su zo su gaya wa na waje abin da na ciki ya taya, su tambaye shi nawa zai ƙara, su koma su gaya wa na ciki. Da kaɗan-kaɗan aka riƙa hawa har Sulfisiyanus ya kai 20,000 ga kowane soja, kuma saura ƙiris a sallama masa. Sai Juliyanus ya ƙara 5,000 a tashi ɗaya, yana faɗa da ƙarfi yana nunawa da yatsu don na kan ganuwa su gani. Ya kuma tuna musu cewa surukin Fartinaks ba zai manta da jinin mijin 'yarsa ba, shi kuwa zai dawo da martabar Komodus da suke ƙauna. Aka buɗe masa ƙofa a kan 25,000. Albashin sojan da ke gadin iyaka a lokacin sestas 1,200 ne a shekara, ke nan kowane dogari ya samu alkawarin abin da wancan zai yi sama da shekara 20 yana wa aiki.

Abin da ya kamata a lura da shi a nan shi ne, biyan dogarai ba Juliyanus ya fara shi ba. Sarki Agustus ne ya kafa rundunar, a shekarar 23 kuma, zamanin Tiberiyus, aka tara su a bariki guda a gefen birni, suka ga yawansu, suka san ƙarfinsu. A 41, bayan sun kashe Sarki Kaligula, sun tsinci baffansa Kalawdiyus a ɓoye bayan labule suka naɗa shi, ya ba kowannensu 15,000. A 69 Sarki Galba ya ƙi biya, suka kashe shi. Markus Oreliyus kansa, wanda ake yabo da hikima, ya biya 20,000 a 161. Shekara 150 ana wannan ciniki a bayan ƙofa ana kiransa kyauta. Sabon abu a 193 shi ne masu taya biyu sun haɗu a rana ɗaya, aka yi shi da ihu kowa yana ji.

Mun san abin da ya biyo baya daga bakin wanda aka yi a gabansa, sanata Kasiyus Diyo, wanda daga baya ya rubuta tarihin Rum. Bai ɓoye tsoronsa ba, domin ya sha tsayawa a kotu yana tona laifin Juliyanus. Shi da 'yan uwansa sanatoci suka yi wanka, suka ci abinci, suka ratsa ta cikin sojoji zuwa majalisa a daren, suna gyara fuska kada a ga baƙin cikinsu. Juliyanus ya gaya musu ya ga suna bukatar shugaba kuma shi ya fi kowa cancanta, ya ce shi kaɗai ya zo, alhali sojoji sun kewaye ginin ciki da waje. Suka amince. Diyo ya ce daga nan ya wuce fada, ya tarar da ɗan abincin da aka dafa wa Fartinaks ya yi masa dariya, ya sa aka kawo na alfarma, ya ci ya yi caca gawar tana cikin gidan. Wata ruwayar ta musanta wannan, ta ce bai ci komai ba sai da aka binne mamacin.

Washegari sanatoci suka je gaisuwa. Talakawan gari ne suka ƙi. Da ya zo ƙofar majalisa zai yi hadaya, suka yi ta kiransa ɓarawon sarauta, mai kisan kai. Ya yi musu alkawarin kuɗi, suka amsa da murya ɗaya cewa ba sa so, ba za su karɓa ba. A duk labarin nan wannan ne wurin da ya fi taɓa ni: masu takobi sun karɓa, masu riguna sun yi shiru, marasa komai ne suka ce a kai kasuwa. Ya fusata ya sa sojoji suka afka wa na kusa, aka kashe wasu, aka raunata da dama. Jama'a suka kwarara babban filin sukuwa, suka kwana suka wuni a can ba ci ba sha, suna kiran gwamnan Sham, Feskeniyus Nigar, ya zo ya cece su.

Dogarai sun sayar da abin da ba su da ikon miƙawa. Ainihin ƙarfin Rum yana bakin iyaka, inda gwamnoni uku ke riƙe da runduna uku-uku: Nigar a Sham, Albinus a Birtaniya, da Saftimiyus Seferus a bakin kogin Danub. Seferus ɗan Afirka ne, haifaffen Labda a ƙasar Libiya ta yau, kuma shi ya fi kusa da Italiya, ya fi su wayo. Ranar 9 ga Afrilu sojojinsa suka yi masa mubaya'a. Ya ƙara sunan Fartinaks a cikin sunayensa a matsayin mai ɗaukar masa fansa, ya rufe bakin Albinus da alkawarin yarima, ya kamo hanya da sauri, da zaɓaɓɓun mutum 600 kewaye da shi waɗanda ba su tuɓe sulke ba har Rum. Ya karɓe birnin Rabenna da jiragen yaƙinta ba a zare takobi ba. Jakadun da aka aika su janye sojojinsa daga gare shi, bayansa suka koma.

Juliyanus ya yi ƙoƙarin kare birni, amma da wa? Dogarai sun saba da hutu, haƙa ganuwa ya gagare su. Sojojin ruwa da aka kirawo daga Misenum ko fareti ba su iya ba. Aka ɗebo giwayen da ake ajiye wa don wasa aka ɗora musu hasumiyoyi, suka yi ta kayar da mahayansu. Ya sa aka ƙara wa fada ƙofofi da sakata, don ya yi imani da Fartinaks ya kulle ƙofa da bai mutu ba. Ya sa aka kashe Letus da Marsiya. Da ruwa ya ƙare wa ɗan kada sai ya nemi su raba sarautar da Seferus, wanda ya ƙi ko saurare. Maimakon haka Seferus ya rubuta wa dogarai cewa ba abin da zai same su idan suka miƙa waɗanda suka kashe Fartinaks, suka kuma zauna lafiya. Nan take suka kama 'yan uwansu suka sanar da konsul.

Majalisar da ta naɗa Juliyanus ita ce ta zauna ta yanke masa hukuncin kisa, ta naɗa Seferus, ta ɗaga Fartinaks zuwa sahun allolinsu. A farkon watan Yuni wani soja ya same shi kwance a fadar da kowa ya watse daga cikinta. Abin da kawai ya tambaya shi ne wane mugun abu ya yi, wa ya kashe. Kwana 66 ya yi a kan gado.

Seferus bai shiga gari ba sai da ya gama da dogarai. Ya kira su wani fili a bayan gari, su zo gaisuwa ba makamai, sojojinsa suka zagaye su. Ya wanke su tas, ya sa aka tuɓe musu ɗamara, aka ƙwace wuƙaƙe da dawakai, aka kore su da sharaɗin duk wanda aka gani a cikin mil 100 daga Rum ya mutu. Diyo ya ba da labarin wani da dokinsa ya ƙi rabuwa da shi, yana binsa yana haniniya, sai ya kashe dokin ya kashe kansa. Amma rundunar ba a rushe ta ba. Seferus ya cika ta da nasa mutanen daga bakin iyaka, su ma tun a kwanakin farko suka tayar da hayaniya suna neman 10,000 kowanne, ya lallashe su da 1,000.

Sauran masu neman gadon ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ci Nigar da yaƙi a Isus a 194, ya ci Albinus a Lugdunum, wato Liyon ta Faransa, a 197, a shekarar kuma ya sa aka kashe Sulfisiyanus tare da wasu sanatoci bisa zargin goyon bayan Albinus. Ya ƙara wa sojoji albashi, ya ba su izinin zama da matansu. Da ajali ya riske shi a Yok ta Ingila a watan Fabrairu na 211, wasiyyarsa ga 'ya'yansa biyu ita ce su haɗa kai, su wadata sojoji, kada su damu da kowa bayan su. Kafin shekarar ta fita babban, Karakalla, ya sa aka kashe ƙanensa Geta a jikin mahaifiyarsu. Ya ƙara wa sojoji rabin albashinsu a kan wanda suke karɓa, a 217 kuma wani soja daga cikin masu rakiyarsa ya soke shi a hanyar Harran, da sanin shugaban dogaransa Makrinus, wanda ya hau gadon bayansa.