Matsayin Iyaye da Amfanin Koya Musu Renon Yara

Cikin shekarun 1960 waɗansu masana halin ɗan Adam a jihar Oregon ta Amurka suka sake dabara game da yaran da a ke kawo musu saboda taurin kai, da faɗa, da ƙin jin magana. Da can al'ada ita ce masani ya zauna da yaron su biyu, sa'a guda a mako. Sai aka lura sa'a guda ba ta iya rinjayar sauran kwanakin da yaro ke yi a hannun mutanen gidansu. Saboda haka suka bar yaron suka juya ga iyayensa, suka mai da su ɗalibai. Babba cikin masanan nan shi ne Gerald Patterson. Shi da mutanensa sukan shiga gidaje su zauna shiru, suna rubuta abin da uwa ta ce da abin da ɗa ya mayar, har suka gane wani tarko da gidaje da yawa ke faɗawa ciki.

Ga yadda tarkon ya ke. Uwa ta ce wa yaro ya bar wasa ya zo a yi masa wanka, ya ƙi. Ta ɗaga murya, shi kuma ya faɗi ƙasa yana birgima. Ta gaji, ta ƙyale shi. To, a nan kowa ya koyi darasi ba tare da ya sani ba: yaro ya koyi birgima tana biyan bukata, uwa kuma ta koyi ƙyalewa tana kawo shiru. Gobe birgimar sai ta ƙaru, tsawar ma ta ƙaru, har a kai ga duka. Abin da a ke koya wa iyaye don su fita daga tarkon nan ba shi da yawa. Su keɓe ɗan lokaci kullum su yi wasa da yaro, su yaba masa nan take in ya yi abin kirki, su ba da umurni guda a fili maimakon goma a cikin faɗa, su kau da kai daga ƙananan laifuffuka, manya kuwa a keɓe shi wuri guda na 'yan mintoci ko a hana shi wani abin da ya ke so. Daga baya Carolyn Webster-Stratton ta Jami'ar Washington da ke Seattle ta tsara darussan nan cikin wani shiri mai suna Incredible Years, inda iyaye ke taruwa sau ɗaya a mako har mako 12 ko fiye, su kalli gajerun hotunan majigi, su tattauna, su gwada a tsakaninsu, sa'an nan a ba su aikin gida.

An gwada shirye-shirye irin wannan sau da yawa ta hanyar ƙuri'a, watau a raba gidaje kashi biyu, a koya wa kashi ɗaya, ɗayan ya jira, sa'an nan a auna. Galibi yaran waɗanda aka koya wa sukan fi gyaruwa, wannan ba a gardama a kansa. Gardamar da aka yi shekara wajen 40 ana yi ita ce, shin amfanin nan daidai ya ke ga mawadaci da matalauci, ga mai ilmi da wanda bai yi karatu mai zurfi ba, ga matar aure da wadda ke riƙe da 'ya'ya ita kaɗai? Tambayar ba ta wasa ba ce. In hukuma ta kashe kuɗin jama'a a kan abin da ya fi yi wa masu hali amfani, to, ta ƙara faɗin ratar da ta fito don ta cike.

Amsar farko da aka samu mai karya zuciya ce. A 1980 Robert Wahler na Jami'ar Tennessee ya ba da labarin iyaye mata 18, dukansu matalauta, waɗanda ya kira keɓaɓɓu. Abin da ya ke nufi shi ne, mace ce da ba ta da ƙawaye, mutanen da ta ke gamuwa da su a yini kaɗan ne, su ma galibi dangi ne ko ma'aikatan hukuma masu zuwa da faɗa ko da umurni. Matan nan sun koyi darussan, kuma muddin ana cikin koyarwa 'ya'yansu sun gyaru. Amma cikin shekara guda bayan an gama, kome ya koma yadda ya ke da. Wahler ya lura da wani abu kuma da ya cancanci a riƙe shi: ranar da mace ta sami hira da ƙawa, ranar rigimarta da ɗanta takan ragu. A 1983 shi da Jean Dumas suka nuna talauci da keɓewa, in sun haɗu a gida guda, su ne suka fi nuna inda koyarwar za ta faɗi.

A 2006 aka buga nazari biyu da suka tara bincike-binciken da aka yi a baya suka auna su gaba ɗaya. Na Brad Lundahl da abokan aikinsa ya tara bincike 63, ya ce gidajen matalauta su ne suka fi ƙarancin amfana, ko da ya ke sukan fi samun amfani in an koya musu ɗaya ɗaya maimakon cikin taro. Na Sandra Reyno da Patrick McGrath na ƙasar Kanada shi ma ya sami ƙarancin kuɗin shiga shi ne abin da ya fi ƙarfi wajen nuna rashin nasara. Maganar ta zauna a littattafan koyarwa kamar an gama da ita.

Amma akwai rauni cikin irin wannan lissafi, kuma malaman kwalejojin horon malamai za su gane shi nan da nan. A ce mai duba makarantu ya ga makarantar ƙauye ta kasa ta birni a jarrabawa, sai ya yanke hukunci cewa 'ya'yan ƙauye ba su da ƙwaƙwalwa. Alhali kuwa bai duba ba ko makarantar ƙauyen malami ɗaya gare ta, ko ba ta da littattafai. Haka nazarin nan suka yi. Kowane bincike an ɗauke shi dunƙule guda, an lika masa suna, wannan na matalauta, wancan na masu hali, sa'an nan aka gwada sakamakonsu. Ba a iya rarrabe ko bambancin daga iyayen ya ke, ko daga gwanintar masu koyarwa, ko daga irin shirin da aka yi amfani da shi. Hanyar da ta fi ita ce a duba cikin taro guda, ƙarƙashin mai koyarwa guda, a ga ko matalauciyar da ke zaune nan ta kasa mawadaciyar da ke kusa da ita.

An yi wannan a ƙasar Wales. Judy Hutchings da abokan aikinta suka gwada Incredible Years a gidaje 153 na unguwannin marasa ƙarfi, aka buga sakamakon a 2007. Da Frances Gardner ta Jami'ar Oksfod ta sake bin ƙididdigar gida gida a 2010, ba ta ga talauci ko rashin miji ko haihuwa da ƙuruciya sun rage amfanin ba. Abin mamaki ma, 'ya'yan matan da ke fama da ciwon baƙin ciki sun fi amfana. A 2019 ita da Patty Leijten da waɗansu suka faɗaɗa aikin, suka tattara bayanan yara 1,696 daga gwaji 13 da aka yi a ƙasashen Turai, suka bi su ɗaya ɗaya. Suka auna talauci, da rashin aikin yi, da ƙarancin ilmi, da zaman uwa ita kaɗai, da zama cikin ƙabila marar rinjaye. Ba ko ɗaya da ya rage amfanin shirin.

Ashe ke nan uwa matalauciya ba ta kasa kowa koyo ba. Wannan babban abu ne, gama zargin da ke ɓoye cikin tsohuwar amsar shi ne wai talaka ba ya koyuwa. Amma kada mai karatu ya yi saurin cewa asalin iyaye ba ya da tasiri. Yana da shi, sai dai ba a cikin ɗakin koyarwa ya ke aikinsa ba. A bakin ƙofa ya ke yi, da kuma bayan an tashi.

Maganar ƙofa gajeruwa ce. Gwaji yana ƙidaya waɗanda suka yarda suka shiga ne kawai. Matar da ke aikin dare, ko wadda ba ta da kuɗin mota, ko wadda ba ta da mai riƙe mata jariri, ko wadda ke tsoron kada zuwanta ya sa hukuma ta ɗauke ta muguwar uwa, ita ba ta shiga lissafi ba tun fari. Masu shirin Incredible Years sun san haka, shi ya sa tsarinsu ya ƙunshi kai iyaye da komo da su, da wurin ajiye yara, da abinci, da bin wanda ya yi fashi har gida ko ta wayar tarho. Ni a ganina rabin nasarar da aka gani a Turai ta waɗannan hidimomi ce. Su ne kuwa abin da a kan fara yankewa sa'ad da aka ɗauki shiri daga hannun masu bincike aka miƙa wa ma'aikatar da kuɗinta bai isa ba.

Maganar bayan tashi ita ce mai wuya. A 2013 Leijten ɗin nan, tana Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, ta tara bincike 75, ta raba lokacin auna sakamako gida biyu. Nan take bayan gama darussa, gidajen matalauta ba su kasa ba muddin matsalar yaron mai tsanani ce tun farko. Amma bayan shekara guda sun kasa, ko matsalar mai tsanani ce ko ba mai tsanani ba. Watau abin da Wahler ya gani ga mata 18 ya sake bayyana bayan shekara 33. Lalle wannan nazari ma yana da raunin da muka ambata na ɗaukar bincike dunƙule, amma na 2019 bai rushe shi ba, domin shi abin da ya auna sakamakon da a ke gani da gama koyarwa ne.

Me ke cinye abin da aka koya? Rand Conger da Glen Elder sun bi gidaje 451 a karkarar jihar Iowa tun daga 1989, bayan karyewar tattalin manoma a can. Suka nuna hanyar da rashin kuɗi ke bi ya isa ga yaro: bashi ya matsa, ran iyaye ya ɓaci, miji da mata su fara saɓani, sa'an nan horo ya zama mai zafi yau, gobe kuma babu shi sam. Dabarun da a ke koyarwa duk suna bukatar haƙuri da daidaito, su ne kuwa abu na farko da matsi ke kwashewa. Akwai wata shaida daga wajen da ba a zata ba. A 1996 ƙabilar Cherokee ta jihar Carolina ta Arewa ta buɗe gidan caca, ta riƙa raba ribar ga 'yan ƙabilar, a daidai lokacin da Jane Costello ta Jami'ar Duke ke bin lafiyar yaran yankin. Ta buga a 2003 cewa yaran da gidajensu suka fita daga talauci, taurin kansu da faɗansu sun ragu har sun yi daidai da na waɗanda ba su taɓa talauci ba, kuma babban dalili shi ne iyayen sun sami sararin sa ido a kansu. Ba wanda ya koya wa iyayen nan kome.

Akwai kuma bambancin abin da iyaye ke nema ga ɗa. Melvin Kohn ya nuna a 1969 cewa a Amurka ma'aikatan ƙarfi sun fi ɗaukaka biyayya, ma'aikatan ofis kuwa sun fi son yaro ya iya sarrafa kansa, kuma kowa abin da aikinsa ke bukata gare shi ya ke koya wa ɗansa. Darussan da masu digiri suka rubuta suna ɗauke da ɗabi'ar gidajensu. Uban da ya san gardama da shugaba tana kore mutum daga aiki, in aka ce masa ya bar yaro ya zaɓa, ba jahilci ya sa ya yi shakka ba.

Misalin da ya fi ƙarfafa zuciya daga Jamaika ya fito. Daga 1986 Sally Grantham-McGregor da mutanenta suka ɗauki yara 129 na unguwannin talakawan Kingston, masu wata 9 zuwa 24, waɗanda rashin abinci ya tsumburar. Ba a kira iyayen taro ba. Ma'aikatan lafiya na unguwa ne ke zuwa gida sa'a guda kowane mako har shekara biyu, suna nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka ƙera daga tarkacen gida. Bayan shekara 20, kamar yadda aka buga a 2014, waɗanda aka ziyarta suna samun kuɗin da ya fi na 'yan'uwansu da kashi 25 cikin 100. Wannan shiri na buɗe basirar jariri ne, ba na gyaran taurin kai ba, saboda haka ba a gwada su kai tsaye. Duk da haka a lura ya kau da matsalar ƙofa, tun da shi ke zuwa, ya kuma daɗe, ya kawo wa keɓaɓɓiyar uwa mai fuskar aminci kowane mako.

Wanda zai ɗauko irin wannan shiri ya kawo ƙasar Hausa yana da tambaya guda da masu binciken Amurka da Turai ba su bukaci yi ba, watau wane ne za a koya wa. Su sun ɗauka wadda ta haifa ita ke reno. A nan kuwa akwai riƙo, akwai kunyar ɗan fari wadda kan hana uwa ko kiran sunansa, balle ta yaba masa a gaban mutane, kamar yadda a ke gani cikin labarin Baba ta Karo da Mary Smith ta buga a 1954. In aka rubuta sunan uwa a rajista, alhali yaron yana kwana a ɗakin kakarsa, ita ke ba shi tuwo, ita ke tsawata masa, to, wadda aka koya wa dabam, wadda ke renon dabam.